Mai Gadin Bindigar Zayyad

Kayan da Sauda ta zo sarowa Guangzhou duk sun haɗu: rigunan jarirai, safa, tawul, da 'yan takalman nan masu kuka in yaro ya taka. An ɗaure su an kai wa masu kago. Abu ɗaya ya rage mata, shi kuwa tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Yana naɗe a hankici, can ƙasan jakarta, ƙarƙashin kwalbar ruwan 'yarta Shamima.

Mijinta Zayyad maɗinki ne a Soron Ɗinki, cikin birnin Kano. Aikin hannu yake yi wa manyan riguna, allura da zare, da su ake ci a gidan. Amma in Asabar ta zagayo sai ya rataya bindigarsa ta iska ya nufi filin harbin saiti, inda ake kafa takarda a nesa a ga wa zai huda tsakiya. Ba ta taɓa hana shi ba. Mutumin da ke yini a sunkuye, ai ya kamata ya sami inda zai miƙe bayansa. Bana ma har an sa sunansa cikin waɗanda za a gwada don zaɓen masu wakiltar jiha.

Bindigar 'yar China ce, ta hannu ya saya. A ƙarƙashin bututunta akwai wani dogon hannu na ƙarfe da suke kira liba. In za a ɗana, sai a jawo liba da ƙarfi ta matse sifirin, wata 'yar kafa ta buɗe, mutum ya tura ɗan harsashin dalma da babban yatsansa. Muddin yatsa na ciki, abin da ke tare ƙarfin sifirin ɗin nan wani ɗan ƙarfe ne mai haƙori guda, wanda ke kama wata 'yar sanda mai tsaga-tsaga. Su Zayyad mai gadi suke ce masa.

Ana gobe za ta taso, Zayyad na gwada bindigar a tsakar gida babu harsashi, sai ji ta yi ƙas! kamar an karya itace. Liba ta koma da kanta. Ya riga ya zare yatsansa, amma ba da nisa ba, don ta tafi da gefen farcensa. Ya tsaya yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baban Shamima, kwance min shi," ta ce.

"Me?"

"Abin da ya saki. Shi da abin da yake kamawa. Can aka yi ta, can zan samo sabo."

Ya kwance ya ba ta, yana kallonta. Ya gane cewa ta ɗauki samfur, kuma ta kashe masa bindiga har ta dawo.

"In ba ki samo ba fa?" ya ce. "Gwajin nan ba zai jira ni ba. Zan mayar da tsohon, in riƙa kula."

Ta san shi. Zai mayar ɗin, kuma zai kula, sai ranar da hankalinsa ya tafi kan takarda.

Yayanta Shitu ya kwana biyu a Guangzhou, yana haɗa 'yan kasuwa da masana'antu, a ɗakinsa na unguwar Sanyuanli ta sauka. Da ta nuna masa ƙarafan ya ce wannan ai ba aiki ba ne, garin da ake ƙera komai. Suka shiga shagunan kayan wasanni. Na farko ya juya ƙarfen a tafin hannu, bai gane ba. Sauda ta ɗaga hannuwa ta kwatanta saiti, ta lumshe ido ɗaya. Mutumin ya ajiye ƙarfen kamar ya ɗauki garwashi.

"Meyo, meyo," ya ce, wato babu, yana kaɗa musu hannu waje.

A bakin titi Shitu ya juyo mata. "Ke Sauda, don girman Allah ki daina ɗaga hannun nan. Shekara biyu ke nan da gwamnatinsu ta kwashe bindigogi daga hannun mutane, har ta iska. Kina baƙuwa, da goyo, kina saita mai shago? So kike a kwana da mu a ofishin 'yan sanda?"

"To Yaya, ya zan yi ya gane?"

"Ni zan yi magana. Ke ki yi shiru ki yi kyau."

Shirun bai kawo komai ba. Meyo a nan, meyo a can, wani ma tun daga ƙofa. Zafin garin mai ɗanko ne, ya jiƙa mata baya inda Shamima ke kwance. Matan titi kan tsaya su leƙa goyon, wasu su miƙo hannu za su shafa gashin yarinyar, Sauda ta juya musu gaba tana murmushi. Tun da ta sauko jirgi ba wanda ya ɗauki Shamima sai Shitu.

Daga baya Shitu ya tuna da Lam. Lam maƙeri ne irin na inji, shagonsa na wani lungu a gindin gadar sama, shi ke yi wa masu jakunkuna ƙarafan maɗauri. A garin nan haka ake aiki: ka kawo samfur, a yi maka irinsa. Ba a tambayarka na mene ne.

Lam gajere ne, cikin singileti, taba a bayan kunne. Matarsa na zaune a bakin ƙofa tana ware wake. Ya auna mai gadin ta ko'ina, ya ɗago.

"Sem-sem?"

"Sem-sem, lawban," in ji Shitu. Sem-sem shi ne iri ɗaya sak, lawban kuma maigida a bakinsu.

Da suka koma karɓa, Lam ya jera mata guda uku a kan jarida, tsohon a gefe. Ta ɗora wannan kan wancan. Ko gashi bai shiga tsakani ba.

"Kin gani ko?" Shitu ya ce. "Kamar an tsaga kara. Mutanen nan, ki ba su hoton kakarmu su ƙera miki ita."

Ta yi dariya, karo na farko a ranar. Jirginta gobe da safe, ga shi komai ya kammala. Shitu ya ce sai ta ci abincin kirki kafin ta bar masa gari, ya kai ta Xiaobei, wani bene inda wata mata 'yar Maraɗi ke tuƙa tuwon shinkafa. Nan suka tarar da Saaka, abokin Shitu, ɗan zangon Kumasi mai aika takalma gida. Saaka ba ya cin abinci sai da labari.

"Hajiya, an ba ki labarin Rauf kuwa?" ya ce, yana suɗe yatsa. "Wani yaronmu ne. Ya zo zai yi odar silifas, bai zo da sabo ba, sai ya cire na ƙafarsa ya ba lawban. Ya ce sem-sem. Shi kuwa Rauf tafiyar agwagwa yake yi, dugadugan sun cinye ta gefe ɗaya. Wallahi da kaya suka sauka tashar jirgin ruwan Tema aka buɗe, kowane takalmi sabo fil, yana ƙamshin roba, dugadugi a cinye!"

Shitu ya ƙware da dariya. "Ƙarya kake, Saaka!"

"Na rantse da kabarin kakana. Har yau a Kumasi in ka ga mutum yana tafiya a karkace, ka duba ƙafarsa."

Sauda ba ta yi dariya ba. Lomar da ke hannunta ta koma kwano. Ta wanke hannu, ta zaro hankicin, ta shimfiɗa a kan tebur. Ta ɗauki 'yar sandar mai tsaga-tsaga, ta saƙala haƙorin tsohon mai gadi a ciki kamar yadda Zayyad ya nuna mata, ta danne, ta ja. Ya zame. Ta ɗauki sabo ta saƙala, ta ja. Ya zame, da sauƙi iri ɗaya. Na biyu ma haka. Na uku ba ta ma gwada ba. Ta kai shi kusa da ido: bakin haƙorin a dakushe yake, sumul kamar bayan cokali. Lam ya kwafo cinyewar tsaf.

"Yaya, tashi mu koma."

"Ina?"

"Wurin Lam. Takalmin Rauf ya yi mana."

Shitu ya dubi taga. Hadari ya haɗo, an fara yayyafi. "Sauda, la'asar ta wuce. Kuma mu muka ce sem-sem. A nan in ka kawo samfur, laifin samfur naka ne, ba mai sauraronka. Ki kai masa haka, a Kano maƙera su gyara bakin."

"Su gyara su mayar da shi yaya? Su ma ba su taɓa ganin sabon ba. Kuma ka san surukinka. Yana ganin ƙarfe na ƙyalli zai ɗaura ya tura yatsa, hankalinsa kwance. Gara ma tsohon, shi yana tsoronsa." Ta miƙe tana gyara majanyi. "Yatsan nan shi ke riƙe allura, Yaya. In ba za ka ba, rubuta min sunan lungun in nuna wa mai tasi."

Saaka ya dubi Shitu. "Tashi, mutumina. Wannan ba a kayar da ita. Ni zan cinye naka, kada ya lalace."

Suka iske Lam ya ɗaura wani aiki a inji. Da Shitu ya yi masa bayani, fuskarsa ta haɗe. Ya fizgi tsohon da sabon, ya haɗa su, ya ɗaga a gaban idon Shitu yana magana da sauri.

"Cewa yake ina bambancin," in ji Shitu.

"Ka ce masa babu. Ka ce aikinsa ya yi kyau, mu muka kawo masa abin da ya lalace."

Wannan ya ɗan sassauta Lam, amma ya girgiza kai. Shitu ya fassara: a kawo sabo ya kwafa. Shi ba ya ƙera abin da bai gani ba. In ya yi ƙiyasi ya ƙara tsini, ƙila ya ƙi shiga, ƙila ya kama ya ƙi saki. Ya juya ga injinsa.

Sauda ta ɗauki tsohon ta fita bakin ƙofa, inda sauran hasken rana yake. Ruwa na zuba daga gadar sama kamar labule. Shamima ta farka tana ƙananan kuka, ta jijjiga ta da kafaɗa, idonta na kan ƙarfen. Sai ta tuna yadda take yi in tana neman irin wata tsohuwar atamfa a Kantin Kwari. Ba ta nuna wa mai shago tsakiyar zanen, inda rana da wanki suka cinye. Kalmasa take farkewa, a nan launin asali ke ɓuya.

Ta juya haƙorin a hankali. Tsakiyarsa na ƙyalli, nan ne yake gogar sanda. Amma haƙorin ya ɗan fi sandar faɗi. A gefe ɗaya akwai wani siririn layi baƙi, wanda bai taɓa gogar komai ba. Ta bi shi da farce. Farcen ya tsaya. A nan bakin a tsaye yake, da kaifinsa, da kusurwarsa. Lam ya ɗauke shi ɓurɓushin ƙarfe, ya share shi a sababbin.

Ta koma ciki ta tsaya a gabansa har ya kashe inji. Ta nuna tsakiya mai ƙyalli. "Meyo," ta ce. Ta nuna baƙin layin. "Sem-sem."

Lam ya ɗauko tabarau mai ƙara girma ya duƙa. Ya daɗe. Ya yi wani gurnani a maƙogwaro, ya ɗago ya yi magana.

"Ya ce ya gani, kuma zai iya," in ji Shitu. "Amma sai jibi. Yana da odar masu jaka, gobe za su zo."

"Jibi ina Kano."

Matar Lam, wadda tun ɗazu ta bar waken tana kallo, ta jefo tambaya. Shitu ya yi kamar bai ji ba.

"Me ta ce?"

"Wai na mene ne, da har kika fito da jaririya cikin ruwa." Ya rage murya. "Zan ce na keken ɗinki ne."

"A'a. Mutum zai yi min aikin da yatsa zai dogara da shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Faɗa musu. Ta wasa ce, tana Kano, kuma wannan shi ke hana ta cizo. In sun kore mu, sun kore mu."

Shitu ya faɗa, a gajarce. Lam ya dubi ƙofa. Sauda ba ta jira ba. Ta ɗaga babban yatsanta, ta kwatanta ɗinki da allura, ta nuna bakinta, ta nuna Shamima. Sannan ta tura yatsan cikin dunƙulen ɗaya hannun, ta buga tafi ɗaya mai ƙarfi.

Ƙarar tafin ta cika shagon. Matar ta taso ta kamo hannun hagun mijinta, wanda kullum yake cikin safar aiki, ta zare safar. Yatsu biyu na tsakiya guntaye ne. Ta yi masa magana, ba da tsawa ba, amma ba ta tsaya numfashi ba. Lam ya ƙwace hannunsa, ya mayar da safa, ya yi tsaki irin nasu. Sai ya kwance aikin masu jaka daga inji.

"Me ta ce masa?" Sauda ta tambaya.

"Yarensu na gida ne, ban ji duka ba. Na dai ji sunan uwarsa."

Kafin ya fara, Lam ya goga magagari a jikin tsohon. Ya ci shi kamar sabulu. Ya nuna wa Sauda garin ƙarfen a yatsa: tun asali ƙarfen ba shi da tauri, shi ya sa ya cinye. Ya jawo wani guntu daga ƙarƙashin tebur. Da tartsatsi ya fara tashi, Sauda ta ja baya har bakin ƙofa, ta rufa wa Shamima gyale. Daga nan take leƙe. Ya yanka, ya auna da baƙin layin, ya rage, ya sake aunawa. Da siffa ta fito ya gasa shi da wutar gas har ya yi ja, ya tsoma a gwangwanin mai, hayaƙi ya turnuƙe. Ya sake ɗumama shi kaɗan, ya bar shi ya huce. Wannan karon magagari zamewa ya yi, yana ƙara.

Lam ya miƙo mata, alamar an gama.

"Ka ce masa a gwada," ta ce.

Aka matse sandar a jikin teburin aiki, aka zura waya mai kauri a ramin mai gadin, aka ɗaura guntun bututu a ƙasa don a sami abin riƙo. Shitu ya ja, haƙori ya kama. Ya ce shi ke nan.

Sauda ta ce, "Ja kake kamar mai tsoron ya saki. Matsa."

Amma da goyo ba za ta iya sakin nauyinta ba, in ya zame da baya za ta faɗi. Shitu kuma hannunsa duk baƙin mai. Matar Lam ta shige ciki, ta fito da wani jan ƙyalle mai igiyoyi huɗu, tsohon abin goyonta, ya sha wanki. Ta miƙo hannuwa. Sauda ta dubi hannuwan: masu tsabta, da ɓawon wake a farce. Ta kwance majanyi. Matar ta karɓi Shamima, ta juya ta baya, ta ɗaure igiyoyin a ƙirji cikin ƙiftawar ido, ta hau jijjiga tana wata 'yar waƙa. Shamima ta kama mata gashi ta yi shiru.

Sauda ta yi bismillah, ta kama bututun da hannu biyu, ta saki jikinta baya gaba ɗaya. Waya ta miƙe tana ƙara. Haƙori bai motsa ba. Ta tashi, ta nuna gwangwanin mai, don Zayyad ba ya barin bindigarsa ba mai. Lam ya ɗiga. Ta sake rataya. Ta ce Shitu ya riƙa bugun teburin da guduma, don bindiga a fili ba a kan katifa take ba. Ya buga, ya buga. Ta gwada a tsagar farko, ta gwada a ta ƙarshe. Tafukanta suka yi ja, zufa ta sauko mata har haɓa. Lam ya harɗe hannu yana kallo, ya ce wani abu.

"Wai in kin gaji da Kano, yana neman mai duba aiki," in ji Shitu.

Ta saki bututun tana haki. "Ka ce na gode. Shishe, lawban." Sai ta tattara sababbin nan uku na farko, ta haɗa da tsohon, ta tura gabansa, ta kwatanta yanka.

"Haba Sauda!" Shitu ya ce. "Har da tsohon? Ki bar su mana, ko don ajiya."

"Ajiyar wa? In na kai su gida, wata rana wani abokinsa zai zo neman mai gadi, shi kuma ba ya iya cewa babu."

Lam ya datse su ɗaya bayan ɗaya, ya watsa a bokitin tarkace. Matarsa ta kwance Shamima ta miƙo ta, ta cusa wa yarinyar lemo a hannu.

Ana kiran magariba a agogon Shitu suka tsaya a shagon waya na Sanyuanli. A Kano rana ba ta kai tsaka ba. Aka buga wa mai kantin da ke kusa da shagon Zayyad, aka jira a kirawo shi. Ta ji takunsa, ta ji hakinsa.

"Maman Shamima? An samu?"

"An samu. Na rataya a jikinsa da kaina, bai saki ba."

"Alhamdu lillahi! To ki haɗo da tsohon, saboda ko da..."

"Tsohon ya riga mu gidan gaskiya. A nan aka binne shi."

Ya fashe da dariya, ta gaske wannan karon.

"Kuma ka ji," ta ce, "sabo ko ba sabo ba, in za ka sa harsashi, ɗaya hannun na riƙe da liba. Ranar gwajin zan zo in zauna in gani."

"Mata ba sa zuwa filin nan."

"Za su fara. Ya farcen?"

"Yana tsirowa. Jiya na gama wuyan rigar Alhaji Maidaji."

Mai shago ya nuna mata agogo. Ta yi sallama ta ajiye. A waje ruwa ya tsagaita. Ta ƙulle mai gadin a hankici, ƙulli biyu, ta mayar da shi ƙasan jaka, sannan ta karɓe lemon daga bakin Shamima kafin ta cinye ɓawon.